Wasiƙar Mai Faci ga Masu Shirya Tsere

Ni ne Sallau na Ƙofar Guga,
shekara talatin da ɗaya ina shaƙar sholisho,
ina tsoma taya a kwanon ruwa
in ga ta inda take sakin numfashi.
Bara kun ɗora ni bayan a-kori-kura
na bi 'yan keke zango huɗu,
muka je Daura, muka zago ta Dutsin-ma.
Ba ku tambaye ni ba, amma ga abin da na gani.

Wa ya ce sai babban baƙo ya karya kumallo
kafin a busa usur?
Yara na kan layi tun hantsi
har kwalta ta fara kama takalmi.
Ku sake su bayan asuba,
sa'ad da masu ƙosai ke hura wuta.
Baƙon ya cim mana a Mashi in ya ga dama.

Zangon farko ya yi tsawo kamar jiran albashi.
Sun dunƙule kamar tumaki a gindin bedi,
kowa na laɓe bayan kowa,
sai da aka hango Daura jini ya motsa.
Ku gutsure shi.
Ku sa lasa a tsakiyar hanya:
wanda ya fara taka Shargalle
a yafe masa sakan goma,
ku ga yadda kwaɗayi ke watsa taro.

'Yar wayar nan ta kunne, ku cire musu.
Mutum na kishingiɗe a mota cikin sanyi
yana ce wa yaro taka, dakata, taka.
Mai cinya shi ya san abin da ya rage a cinyarsa.

Akwai wani Nomau, ɗan Batagarawa.
Kwana uku yana tsaga iska da ƙirji
don ogansa ya huta a bayansa.
Ya koma baya ya ciko riga da gorunan ruwa,
a kwalbatin Rimi ya sauka ya ba shi tayarsa,
ya tsaya jirana da sarƙa a hannu.
Ranar rabon kyauta ko sunansa ba a kira ba.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Ku ɗinka wa irinsu riga tasu,
kuma kuɗin su zo a ranar,
ba bayan an sha kaka biyu ba.

Ramin da ya karya kafaɗar Barau
ya girmi ɗana na fari.
Ku cike shi, ko ku zagaye shi da farar ƙasa.
Ku aika wa masu unguwanni tun da mako
a ɗaure awaki.
Akuya ba ta san lamba ɗaya ba.

Ina so a ba burji yini guda,
can inda duwatsu ke tsugune,
a ga wanda hannunsa ya iya, ba huhu kaɗai ba.
Za ku ce don faci ya yi kasuwa ne.
To, har da hakan.

'Yata Hansatu, da tsohon kekena marar birkin gaba,
tana barin samari suna haki a hawan gada.
Safiya ɗaya, ba yawa, ku ba su su ma.

Sai na ƙarshe.
Shi ma Nomau ɗin ne.
Ya iso Ƙofar Ƙaura an naɗe rumfa,
an kwance igiya, an kwashe kujeru,
ya wuce wurin bai san ya gama ba.
Mai aya ce kaɗai ta tafa masa.
Kada ku kwance igiyar nan
sai na baya ya shigo.

A nan zan tsaya.
Ga wani ya turo keke da taya a kwance,
kuma gam ɗin da na shafa ya sha iska.